Gadon da Na Ce na Littattafai Ne

Shekarar da aka daina sulai aka koma naira, ina koyarwa a firamare a Gaya, matata ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Toranke. Cikin fari ne. A gidanmu kuwa, da yake akwai jinin Fulani, ɗan fari abin kunya ne: ba ka ɗaukarsa, ba ka kiran sunansa, balle a ga kana rawar jiki tun bai iso ba. Ni kuma, Allah ya sani, rawar jikin nake yi.

Ran kasuwa na ga wani gadon jariri mai shinge a rumfar kafinta, na kwance ne ba sabo ba, wai daga gidan wani ma'aikacin asibiti da aka yi wa canjin wurin aiki. Farin katako ne mai laushi, irin na akwatunan kaya, an lafta masa koren fenti. Na saya, na ɗauko a keke. Ina shiga zaure Inna ta tare ni.

"Malam, wannan kejin fa?"

"Na littattafai ne, Inna," na ce.

Tun daga wannan amsar ban sake hutawa ba. Na kankare fentin da fasasshiyar kwalba har yatsuna suka yi kanta. Ƙarƙashin koren sai ga shuɗi, ƙarƙashin shuɗin sai ga kuɗin cizo, gari guda, da jikoki. Na yi musu wanka da tafasasshen ruwa, katakon ya kumbura, ƙafa ɗaya ta karkace. Na bi shi da samfefa. Na karɓo karan dafi wajen dukawa don ya yi ja, sai katakon banzan nan ya sha a nan ya ƙi sha a can, ya fito dabbare-dabbare kamar akuya. Na sake gogewa, na sake shafawa.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan mutanen gida. Tunda na ce na littattafai ne, kowa ya ga ai littafi ba ya sauri. In na dawo daga makaranta, sai in tarar Gwaggo, ƙanwar Baba, ta shanya kuɓewa a kai. Ranar da na shafa man ƙyalli, damina ce, ya ƙi bushewa, kaza ta hau ta yi sintiri ta bar min sawu da gashi. Na bi ta da takalmi har bayan rumbu, ina zaginta da abin da ba zan iya faɗa wa Gwaggo ba.

Baba kuwa yana zaune a zaure yana tufka igiya, ko kallo ban ishe shi ba.

Rannan da hantsi ɗan aike ya zo daga Toranke: an sauka lafiya, mace. Mata suka ɗau guɗa. Ni na sunkuyar da kai na ce "To, madalla," kamar an ce min an yi ruwa a Ajingi. Aka shiga haɗa kayan barka, ina ta zagaya gadon nan, na rasa bakin da zan ce a tafi da shi. Ana cikin haka Inna ta fito da kwanoninta.

"Littattafan naka guda nawa ne ma? Bar min shi in jera samiruna."

Raina ya ɓaci har idona ya kawo ruwa. Wata biyu ina wahala, a ce samira ce za ta kwana a ciki! Amma in ce me?

Sai Baba ya yi gyaran murya, bai ɗago ba.

"Wannan tarkacen ya tare min zaure. A ɗora wa jaki a kai Toranke, su suna da fili."

Inna ta dube shi, ta dube ni, ta kwashe kwanoninta tana murmushi. Na durƙusa ina ɗaure gadon da igiyar da ya miƙo, sai na ji ya ce, kamar da bango yake magana:

"Akwai sartse a gefen hagu. Na kankare."

Na shafa wurin, sumul. Ban san yaushe ya yi ba. Ni ne ɗan farinsa, kuma har ya koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinsa ba.