Talata da Juma'ar Malam Isiyaku

"Hedimasta, wai me lissafi ya yi maka ne? Babu shi Talata, babu shi Juma'a."

Mataimakiyata Malama Hajara ce ta tambaye ni da safen nan, tana duba jadawalin darussan sabon zango da na zana. Wallahi ban san na yi ba, hannuna ne ya saba.

Shekara uku Malam Isiyaku, malamin lissafi a firamarenmu ta wajen Kurmin Kogi, yana zuwa Zariya wankin ƙoda a waɗannan ranakun. Da farko raina ya yi ta ɓaci, don ni iyaye suke tarewa a kasuwa da ƙorafi. Na kira shi ofis na ce ya ɗauki dogon hutu, a ba wani ajin.

Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, kwana biyu ciwon nan ya ƙwace mini a mako. Kar ka ƙara masa sauran ukun."

A ranar na yage jadawalin, na mayar da lissafi Litinin, Laraba da Alhamis. Ranar Laraba yakan shigo aji yana dafa bango, amma da alli a hannunsa.

Da daminar bana Allah ya karɓi abinsa. Allah ya ji ƙansa. Sabon malamin lafiyarsa ƙalau, kullum yana nan.

Na ce wa Malama Hajara zan gyara. Ga takardar nan a gabana tun safe, na kasa.

Ku fa, wane ne ya tafi amma har yau kuna bar masa gurbinsa?