Ranar da Na Ƙi Tofar da Yawu a Zauren Kawu

Ko da za a ciro ƙwaƙwalwata a wanke ta da sabulun salo a shanya a rana, abu ɗaya ba zai fita ba, wato shekarar da na zama zakaran masu sayar da inshora a duk arewacin Dahome. Ba yabon kai ba, a zamanin nan bakina kaɗai kamfani ne. Na taɓa sayar wa mai keke asurans, kamar yadda muke kiran inshorar a nan, alhali keken ma aro ya yi. Abokaina kan ce in na tsaya gaban rijiya na yi magana, sai ta nemi takardar gobara.

To, bari in rage gishiri. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba wani kamfani na Kotonu ya buɗe ɗan biro, wato ofis, a Paraku, kusa da tashar jirgin ƙasa, inda ake sauke kaya a loda wa manyan motoci. Aka ɗauke ni saboda na yi lakol, wato makarantar boko, kuma ina jin Hausa da Dandanci da Faransanci. Na kama ɗaki a unguwar Kpébié, na sayi karabat ja irin na ɗaurawa a wuya, na zauna jiran arziki. Watanni suka wuce, ƙuda kaɗai ke shigowa biron, shi ma yana leƙawa yake fita.

Shugabana, wani Bafaranshe da ba ya rabo da gumi, ya kira ni ya ce, “Mutum ba ya sayen takarda. Ka zana masa masifar har ya ji ƙaurinta a hanci, sannan ka miƙa masa alƙalami.” Na ce ai wannan aikin tun ina cikin goyo na iya shi. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne, a wurinmu ba a ambaton masifa a kan dukiyar mutum. In ta suɓuce maka a baki, sai a ce ka tofar da yawu, ka tofar, magana ta mutu a nan. Ni kuwa sana'ata kenan aka ba ni, in riƙa kiran wuta da sunanta.

Na ce bari in fara da gida. Na hau mota zuwa Jugu, wurin kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babana, shi ya kai ni lakol duk da surutun dangi. Jikan fataken goro ne. Duk abin da kakanninsa suka tara a hanyar Gwanja, shi ya mayar da shi sito guda a gefen kasuwa, cike da goro da atamfa da gishiri.

Na same shi a zaure da abokansa bayan la'asar. Ya dubi karabat ɗina, ya kira ni yadda ake kiran Faransawa, ya ce, “Mushe ya iso. Wa ya ɗaure ka a wuya, ɗan nan, mu je mu ba da haƙuri?” Aka yi dariya, aka miƙo mini goro. Ni kuwa dariyar ta hau mini kai, na miƙe tsaye kamar mai wa'azi.

“Kawu,” na ce, “ka ɗauka yau Juma'a ce, kowa yana masallaci. Mai tuyar ƙosan nan ta bayan sitonka ta shiga gida ɗauko ruwa. Iska ta ɗauki ɗan tartsatsi, ɗan mitsitsi, ta ɗora a kan jinka. Kafin liman ya yi sallama, atamfa ta kama, huhunan goro suna fashewa kamar bindiga. Ka fito da carbi a hannu, ka tarar da toka. To a ranar, wa zai ɗaga ka?”

Na jira tafi. Ba wanda ya tafa. Wani dattijo ya janye ƙafarsa daga kusa da tawa.

Kawu ya ce a hankali, “A'uzu billahi. Tofar da yawu, ɗan nan.”

Na yi dariya. “Haba Kawu, zamani ya wuce nan. Yawu ba ya kashe gobara, takarda ke kashe ta.”

“Na ce ka tofar.”

Ban tofar ba. Ina ganin mai karabat ba ya tofi gaban jama'a. Na haɗiye abina, na gyara wuya. Kawu ya ce a kai mini abinci ciki. Bai sayi komai ba, ba wanda ya saya.

Bayan damina ta ɗauke, ina zaune a biro wani direba ya shigo ko sallama bai gama ba. Ya ce siton Kawu ya ƙone. Ranar Juma'a, ana cikin salla. Har yau ba wanda ya san daga inda wutar ta taso, wasu sun ce mai ƙosan ma ba ta fito ba ran nan. Amma wa zai tsaya bincike? Duk Jugu an riga an san wanda ya faɗa, da inda ya tsaya ya faɗa.

Na je jaje. Na tarar da Kawu a tsugune a bakin tokar, yana tona ta da sanda, yana fito da goron da ya zama gawayi yana jerawa gefe, kamar akwai mai saye. Warin atamfar da ta ƙone ya kwana a rigata har na koma Paraku. Na ce, “Kawu, sannu.” Ya ce, “Allah ya kawo, Allah ya karɓa.” Bai ɗago ba. Mahaifiyata kuwa kallo ɗaya ta yi mini ta koma ɗaki.

Daga makon nan kasuwata ta buɗe. Alhazan Jugu suka riƙa zuwa Paraku takanas, masu motoci, masu sito, har da mai injin niƙa daga ƙauyen Tourou. Da na buɗe baki zan fara bayani sai mutum ya ɗaga hannu biyu: “A'a, a'a, Mushe, kada ka wahalar da kanka. Rubuta kawai, nuna mini inda zan dangwala.” Wani ma daga bakin ƙofa ya tsaya, ya ƙi gaya mini unguwar da shagonsa yake sai da na ce dole a rubuta. Ni kuwa na ce a raina, lallai suna ya tafi, yanzu ko magana ba na buƙata. Kamfani ya kira ni Kotonu, aka tafa mini, aka ba ni mobilet, ƙaramar babur, sabuwa fil. In na bi titi a kanta, mutane na darewa. Na ɗauka girmamawa ce. Ban lura ba cewa an daina kirana suna da ɗaurin aure, kuma in na zauna a majalisa sai kowa ya tuna yana da uzuri.

Da mobilet ɗin na tafi Jugu, wai in nuna wa Kawu wahalarsa ba ta faɗi ƙasa ba. Na same shi a ƙofar masallaci da ɗan faifan goro a gabansa, mutumin da a da ake sauke masa mota guda. Ya rame, rawanin ya yi masa yawa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ya bar tallan nan, ni zan riƙe gidan. Ya ce, “Na gode, ɗan nan. Faifan ya ishe ni.” Bai taɓa karɓar ko ƙwandala daga hannuna ba har ya koma ga Allah, kuma bai sake kirana Mushe ba. Wannan tsokanar ita na fi kewa.

Na yi shekaru a sana'ar bayan haka, na ga gidajen da takardar ta ɗaga bayan gobara, ban ce banza ba ce. Amma na koyi cewa gaskiya ma tana da yadda ake shiga da ita zauren mutane, kuma in babba ya ce ka tofar, ka tofar, yawu ba shi da tsada. Sai dai a ranar nan, a ƙofar masallacin, ban koya ba tukuna. Na shafa mobilet na ce, “Kawu, ka ga dai yanzu mutanenmu sun waye, sun gane amfanin asurans. Layi suke yi.”

Ya ɓare goro, ya miƙo mini rabi, ya ce, “Ba takardarka suke saye ba, ɗan nan, shirunka suke saye. Ni kaɗai ka yi wa magana kyauta.”