Dutsen da Yaya Bai Sa wa Inuwa Ba

A Allakaye dutse ba abin kallo ba ne. Tuntuɓe muke ci da shi, mu tsince shi a gona mu jera a gefe. Yayana kaɗai ke kawo shi gida, kamar wanda ya samo ƙwan zabo.

Malam ya hana shi zana mai rai, sai ya koma wa duwatsu. Da hantsi yakan ajiye tsakuwa a gindin rumbunmu, ya zana ta a jikin rumbun. Gefen da rana ta taɓa ya shafa farar ƙasa, ɗaya gefen ya murza gawayi da babban yatsa. Ni kuwa baki gare ni.

"Yaya, mi a abin kallo ga dutsi?"

"Ke, dubi inuwa tai. In babu ta, ba ya zamnawa ƙasa."

Shekarar da Nasara suka ɗebi samari zuwa yaƙinsu, ya fara zana wani jan dutse mai tsaga. Ya gama haskensa rana ta yi sama, ya ce inuwa sai gobe. Washegari aka tafi da su garin Buza, har da shi.

Kowace bazara akan sake yaɓen rumbu kafin ruwa ya sauka. Baba ya kwaɓa laka, Inna ta tsaya gaban zanen. Sai ya yaɓe sauran rumbun, ya kewaye wurin. Haka damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Wurin ya tsage, ruwa ya sami hanya, hatsin ɓangaren nan ya yi funfuna, ga shi shekarar ba ta yi albarka ba.

Na ɗauko gawayi da dutsen na ce zan ƙarasa, ko Inna ta haƙura. Ta riƙe mini hannu.

"Bari mai. Ya ce gobe."

Bazarar da aka fara dawo da sojoji, muka yi ta duban hanya, ba shi a ciki. Wata safiya na tarar da Inna ta kwaɓa laka da kanta, tana shafe wurin a hankali, kamar mai shafa wa yaro mai.

Dutsen yana wurina. Na zana shi ba adadi, hasken yana fitowa daidai. Da na kai ga gawayi sai kewarsa ta kama ni, in ajiye, in ce sai gobe.