Rijiyar da Takarda Ta Ce Da Wuya

Ana sallame sallar asuba Bawa ya koma ƙofar bukkarsa, ya zauna yana bin igiyar guga taƙi-taƙi, yana neman inda ta fara cinyewa. Hannunsa ne ke kan igiyar. Idonsa yana kan matarsa Saude, tana ɗaura jarkoki huɗu a kan jaki.

"Ki jira sauran mata," in ji shi. "Kada ki tahi ke ɗai."

"Yau ka hwara hwaɗi? Wa za ya tahi wurin nan shi ɗai?"

Wurin nan shi ne gulbi, tafiyar sa'a ɗaya da rabi ta cikin daji. Tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, Bawa da gidaje ashirin suka zauna a kan wani faƙo a gefen Gatawa. Da bazara ta yi tsanani rijiyoyin gari suka ja baya, masu gari ma layi suke bi. Watan da ya wuce mata biyu sun tafi ɗibar ruwa, jakunansu ne kawai suka dawo.

Bawa maginin rijiya ne, ya gaji ubansa. Ya fi shekara talatin yana shiga ƙasa, daga Turba har Bafarawa akwai masu shan ruwan hannunsa da ba su san sunansa ba. Kunnensa na hagu ba ya ji tun ranar da wata rijiya ta rufta masa. Ba shi da yawan magana, kuma bai yarda da masu yawanta ta ba.

Wata ƙungiya ta taɓa zuwa da wayoyi da ƙarafa, aka auna faƙon nan, aka ce za a yi musu rijiyar burtsatse. Bayan mako shida sai takarda ta zo, da Turanci. Malam Abdulgani, malamin firamaren da suka gudo tare, shi ya karanta wa mutane.

"Sun ce ba su zuwa da injin haƙa."

"Sun ce babu ruwa?" in ji Bawa.

"Ba haka sunka ce ba."

"To, akwai?"

"Ba haka sunka ce ba kuma."

Bawa ya ja tsaki. "Malam, takarda cike da rubutu, ba i ba a'a?"

Malam ya yi masa bayani. A Turanci, tsakanin i da a'a akwai matakai kamar na tsani. In takardar ofis ta ce "unlikely", da wuya ke nan. In ta sa "highly" a gabansa, wuyar ta ninka. In ta ce "remote", abin ya yi nisa, sai ka kare ido da hannu kafin ka hango shi. Tasu takardar a mataki na biyu ta tsaya.

Nan take Malam ya kira injiniyan da ya yi awon, mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa. A waya bai yi maganar takarda ba. Cewa ya yi "long shot", wato harbin nesa, wanda maharbi ke saki alhali ya san da wuya ya samu.

"Tambaye shi," in ji Bawa, "in anka gina rami goma, nawa ka ba da ruwa?"

Malam ya tambaya. "Ya ce wataƙila guda."

"Ni ko ba goma nika biɗa ba."

"Bawa, mutanen ga sun san aikinsu. Ba ƙarya sunka yi ba."

"Ban ce sun yi ba. Su injinsu suka ji ma tsoro. Ni Saude nika ji ma."

Washegari ya fara haƙa kusa da wani baure, ƙanensa Kalilu yana jan guga daga sama. Matsalar ita ce, in Bawa ya yi nisa a cikin rami ba ya jin komai na duniya. Don haka ya ce wa Kalilu, da zarar mata sun dawo ya girgiza igiya sau biyu. Kullum da hantsi yana saran ƙasa yana kallon igiyar. In ta motsa sai ya sauke numfashi, ya ci gaba.

Rana ta goma sha ɗaya igiyar ba ta motsa ba. Hantsi ya wuce, rana ta zo daidai bakin rami ta leƙo shi. Ya ɗaga kai ya kwala wa Kalilu kira, ya ga bakinsa yana motsi, bai ji abin da ya ce ba. Ya hau da kansa, yana taka ƙananan ramukan da ya sara a jikin rijiyar. Bayan azahar matan suka ɓullo, babu ruwa, Saude babu takalmi. Sun ji ƙarar babura ne suka kwanta cikin wani kwazazzabo har ƙarar ta ɓace.

Bawa ya dubi ƙafafunta, ya koma rami.

A gaba tara ya tarar da dutse. Kwana uku yana dukansa, diga tana fitar da wuta. Ya haƙura ya fito. Malam ya zo ya tsaya a bakin busasshen ramin, ya yi kirki bai ambaci takarda ba.

"Saura tara," in ji Kalilu. "Yaya, in ka gina su duka, ni dai bayana ba ya kai."

"Ja guga ka bar lissahi."

Na biyu ya fara shi a gindin wani suri, don ubansa yakan ce gara ba ta gini inda babu laima a ƙasa. Ya wuce marmara. A gaba goma sha uku ƙasa ta yi sanyi a tafin ƙafarsa. Ya dunƙula ta, ta riƙe shatar yatsunsa. Bai gaya wa kowa ba sai da aka kwana biyu, ya sauka ya ji ruwa ya rufe masa idon sawu.

Ruwan ba shi da yawa, kuma ja ne kamar kunun dawa. Tsattsafowa yake yi, jarka takwas a wuni. Zai isa sha da tuwo in an yi tattali, wanki kuwa sai dai a manta da shi.

Malam ya leƙa ya ce, "To, takarda ba ta yi ƙarya ba, kai ma ba ka yi ba."

"Riƙe igiyag ga, Malam. Magana ta isa."

Washegari da safe Saude ta ɗaura jarkoki a kan jaki yadda ta saba. Bawa ya zo ya kwance su ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a bakin rijiya, ya mayar da jakin turke. Sannan ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ɗauki diga, ya sauka ya ƙara gaba guda.