Yadda Yaya ta koyar da "simmer" a bakin murhu

Shekarar da mijin ƙanwata ya rasu, ta dawo wurina a Hayin Banki da 'ya'ya uku. Aka samo mata aikin girki a gidan wani hafsan sojan sama a Mando. Sai dai matar gidan 'yar kudu ce, ba ta jin Hausa sai Turanci, kuma ta ce ran Asabar za ta gwada ta. Mu kuwa daga ni har ita, a aji huɗu muka ajiye boko.

Yayar maigidana ta ce a bar mata, ita za ta koya mata Turancin girki. Ta daɗe tana buga tafireta a ofishin gwamnati kafin ta yi ritaya, kuma ita ba ta fassara wa ɗalibi. Cewa take kalmar aiki a hannu take zama, ba a ka ba. Ta sa muka ɗora miya a tsakar gida.

Da tukunya ta tafasa, ta ce, "Wannan shi ne boil. Yanzu yi min simmer."

Ƙanwata ta sauke tukunyar.

"Wa ya ce ki sauke? Mayar!"

Ta mayar, ta ƙara itace.

"Ke, gobara na ce ki tayar?"

"Haba Yaya, ki faɗa min da Hausa mana, kowa ya huta."

"Ran Asabar ni zan bi ki Mando ina faɗa miki?"

Ina gefe ina tsintar shinkafa, dariya na cina. Yaya ta tsuguna, duk da ciwon gwiwarta, ta zare itace biyu, ta bar garwashi, ta ce mu yi shiru. Tukunyar da ke ta hauka ta koma ɓul, ɓul, a hankali, kamar tsohuwa na mita a ɗaki.

Na ce, "Au, ashe rage wuta ne!"

"Ke dai bakinki ba ya ajiya. Wa ya sa da ke?"

Kwana uku suna abu ɗaya, yau wake, gobe nama. Yaya na kan tabarma, ba ta ko leƙa tukunya, da kunne take gane an yi daidai. Ita ce ma ta tuna abin da bai zo mana ba: gidan hafsa ba a girki da itace. Ran Juma'a ta kai ƙanwata gidanta a Kawo, gaban murhun gas. Sau huɗu ƙanwata na murɗawa wutar na mutuwa, Yaya na miƙa mata ashana ba ko tsaki.

Ran Asabar bayan la'asar ƙanwata ta shigo, ko mayafi ba ta cire ba. Ta ce rabin maganar matar ya wuce ta, amma da aka zo kan miya ta ji kalmar ta fito, hannunta ya riga ta zuwa. Matar ta ɗanɗana, ta ƙara ɗanɗanawa, ta ce ta fara ran Litinin.

Yaya ta ce, "To alhamdu lillahi. Ki sha ruwa ki zo, ba mu taɓa soye-soye ba tukuna."