Ƙarfe Huɗun Gado Mai Famfo

Mutanen unguwar bayan tashar jirgi a Kaura Namoda ba su cika neman agogo da sassafe ba. Da an sallame sallar asuba, tun masu koko ba su gama hura wuta ba, za a ji tarin wani tsohon mashin, ya tashi ya mutu, ya sake tashi da ƙyar kamar wanda aka tasa daga barci mai daɗi. Malam Gado ke nan, mai gyaran famfon tuƙa-tuƙa, ya ɗaure akwatin sifanoni a baya zai kama hanya. Wata rana ya yi wajen Kasuwar Daji, wata rana ya miƙe Shinkafi, wata rana kuma sai ƙauyukan Zurmi, inda dawa ke rufe hanya da kaka har mutum ya riƙa jin kamar yana ratsa ruwa. A wannan shekarar ya ajiye aiki bayan shekara talatin da biyar, shi ya sa na ga ya dace a yi masa jinjina tun yana iya ji da kunnensa.

Ofishin da ya yi wa aiki, ba sai na kama suna ba, mutanensa iri uku ne. Akwai na kan kujera, irin su Malam Mubashir akawu, masu shiga da takwas su rufe taga da huɗu. Akwai masu ilimin fasaha, irin su Injiniya Abbati, wanda ke auna ƙasa ya nuna inda za a haƙa burtsatse, in ya fita gari a biya shi kuɗin fita. Can ƙasa kuma akwai masu gyara, waɗanda albashinsu kan gaji tun wata bai yi nisa ba. A takarda dukansu takwas zuwa huɗu ne. Sai dai famfo bai iya karatu ba, bai san Asabar ba, bai san hutun gwamnati ba. Kuma Gado yana da wata ɗabi'a: ya fi son ya isa lokacin da mata ke ɗibar ruwan safe, ya kara kunnensa a jikin ƙarfen yana saurare, domin a cewarsa famfo kan faɗi ciwonsa ne lokacin da ake wahalar da shi. Malam Mubashir ya shaida mini ya sha kai maganar gaba, ko a ƙara wa Gado wani abu saboda waɗannan awanni, amsar kullum ita ce matakin albashinsa bai tanadi haka ba. Ya ce shi kansa yakan ji nauyi in ya kulle ofis rana tana sama, ya tuna akwai wanda ko gida bai fuskanto ba.

Ƙarfe huɗun nan kuwa tana da tarihi a gidan Gado. Lokacin da yake neman auren Turai, bai daɗe da samun aikin ba, kansa na hayaƙi, ya yi mata cika baki irin na samari. Ya ce ita ta huta, ma'aikacin gwamnati za ta aura, kullum ƙarfe huɗu yana gida. Turai ta riƙe maganar. Ran da ta tare, la'asar na yi ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ta dama fura ta rufe da faifai, ta zauna tana kallon ƙofa. Bai shigo ba sai bayan magariba, da baƙin giris har gwiwar hannu. Washegari ma haka. Da tafiya ta yi tafiya abin ya zama wasa a tsakaninsu, in ya yi sallama cikin duhu sai ta tambaye shi ko agogon gwamnati ne ya tsaya. Amma tabarmar ba ta daina shimfiɗawa ba, 'ya'ya suka tashi suka tarar da ita, suka yi aure suka bar ta a nan.

Shi ma abin yana ransa, ba ya dai faɗa. Abokan tafiyarsa sun ce in ya gama gyara, ya zauna a inuwa yana jiran ruwan ya washe, yakan ƙura wa nesa ido. Ni na ɗauka wannan la'asar ɗin yake gani: rana ta karkata, inuwar darbejiya ta kai bakin rijiyar da ta ƙafe, tattabaru na sauka, shi kuma yana turo mashin ta zaure da sauran hasken rana, Turai na ɗago kai. Ba Makka ba ce, ba gidan bene ba ne, ɗan ƙaramin mafarki ne da kowane masinja a ofishinsu ke samu kyauta. Shi kam sai ya yi ta cewa gobe.

Abin da ke hana goben zuwa shi ne gora. Tun kafin wayar hannu ta shigo, matan ƙauyuka suka ƙirƙiro hanyar kiransa. In famfo ya tsaya, sai su ba ɗan kabu-kabu ko mai motar kasuwa busasshen gora, kowane ƙauye da irin zaren da yake ɗaurawa a wuyan nasa. Ba saƙo, ba magana. Gado na ganin zaren ya san inda ake ƙishi, kuma ƙa'idarsa ita ce gora ba ya kwana a hannunsa babu ruwa in dai da hali. In ya gyara, shi zai cika shi da ruwan farko ya miƙa wa babbar mace a wurin. Waya ta zo aka ɗan manta da goruna, sai ga shekarar da aka rufe layukan waya a jihar nan, suka dawo kamar jiya aka ajiye su, ba su kuma sake tafiya ba.

Wata dattijuwa a wajen Zurmi, Inna Kulsumu, ta ba ni labarin ranar da ya zo musu cikin azumi, da zafin nan na bazara da ke sa kare ya rasa inda zai kwanta. Sai da aka tara magidanta aka zaro bututu ɗaya bayan ɗaya, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ya canza robar da ta cinye. Ruwa ya zo yana zuba a kan hannuwansa, leɓunansa sun bushe sun tsage, bai ko kurkure baki ba. Ta ce ita a ranar ta yi kuka, ba don ruwan ba, don tausayinsa. Wani direba a Shinkafi kuma ya ce a shekarun da hanya ta fi lalacewa saboda 'yan bindiga, lokacin da ko masu kaya ke jiran ayari, ya sha hango Gado shi kaɗai a gaba, gora na lilo a jikin madubin mashin. Ya san sarai in famfo ya mutu mata za su gangara fadama neman ruwa, fadama kuwa yanzu ba wurin zuwan mata ba ne.

Kai ne, Gado, ka ɗauki ƙishin garuruwan da ba a haife ka a cikinsu ba. Kai ne mai kunnen jin kukan ƙarfe. Ka san abin da ake biyan na sama da kai, ba ka taɓa bari wannan ya shiga tsakaninka da sifana ba, kuma ban taɓa jin ka zagi mai kujera don yana kan kujera ba.

Ana nan sai idon Turai ya fara ba ta matsala. Da fari dundumi ne, da rana ta faɗi sai duniya ta rufe mata, ta riƙa gane dawowar mijinta da ƙarar mashin da warin giris. Daga baya hazon ya fara cin ranar ma. A asibiti aka gaya musu gaskiya, magani zai rage saurin abin amma ba zai tsayar da shi ba. Tun daga nan ta bar yi masa wasan agogon gwamnati, wannan shirun kuwa ya fi wasan yi masa ciwo. Sau ɗaya ta buɗe baki, ana saura kwanaki ya ajiye aiki. Ta ce ba ta roƙe shi komai ba tun da suke, amma tana so ko sau ɗaya ta ga shigowarsa daga aiki da idonta, tun idon na gani. Bayan ya yi ritaya ai zaman gida ne, ba dawowa ba ce. Ya yi mata alkawarin ranar ƙarshe, alkawari kuwa kaya ne.

Ranar ta zo. Aka yi ɗan taro a ofis da hantsi, aka sha lemo, Injiniya Abbati ya yi jawabi mai daɗi, Malam Mubashir ya rantse yau ko da tsiya sai Gado ya tashi tare da kowa. Gado ya zauna a benci cikin farar riga, bai san inda zai ajiye hannuwansa ba. An idar da azahar ke nan sai ga Isah ɗan kabu-kabu ya tsaya a bakin ƙofa, ya miƙo gora mai jan zare. Tungar Tambari ce, can bayan Sakajiki, famfo ɗaya gare su, kuma ba a riga an naɗa wanda zai gaji Gado ba. Mubashir ya ce a bari sai an ga abin da hali zai yi. Gado ya juya goran a hannunsa, ya ji shi sakayau. Sannan ya ɗauki akwatinsa.

Gida ya fara biyawa, don bai iya wucewa bai ba Turai haƙuri ba. Ya tarar har ta yi kwalliya, ta sa atamfar da take ajiya, tabarma na shimfiɗe tun lokaci bai yi ba. Bai kai ga magana ba ta hango abin da ke lilo a hannunsa. Ta matso da fuskarta kusa, ta shafa zaren.

"Na wane gari ne?"

"Tungar Tambari. Turai, ki yi mani..."

Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta duƙa ta naɗe tabarmar, ta ɗaure kwanon fura a ɗankwali, ta yafa mayafi. "Tada mashin, Malam. In huɗu ta ƙi zuwa gida, mu mu tahi mu iske ta."

Haka aka gan su sun ratsa Kaura, akwatin sifanoni a kan tanki, Turai a baya rungume da tabarma. A Tungar Tambari mata suka karɓe ta kamar amarya, suka shimfiɗa mata tabarmarta a gindin wata tsamiya da ke kallon famfon. A nan ta zauna ta ga abin da ya riƙa cinye mata la'asar duk shekarun nan. Ta ga ya tuɓe farar riga ya rataye, ya kara kunne a ƙarfe ya lumshe ido, ta ga magidanta sun jeru suna jan bututu yana ba su umarni a hankali. Komai a cikin hazo take ganinsa, gefe-gefen duniya ya narke, amma shi yana tsakiya, rana na dukan bayansa. Matar mai gari ta ce tun da aka fara ba ta ga Turai ta ƙifta ido ba.

Ladan na kiran la'asar famfon ya yi tari, ya tofar da jan ruwa, sannan fari ya biyo. Ba wanda ya duba agogo. Gado ya cika goran, mata suka nuna masa da baki cewa yau babbar mace tana gindin tsamiya. Ya taho a jiƙe, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Turai ta ɗaga hannu ta ce ya rage sauri, ya taho sannu-sannu. Ya taho sannu-sannu har ya iso.

"Sannu da dawowa, Malam," in ji ta.

Ya yi murmushi cikin kunya. "Ai nan ba gida ba ne, Turai."

"To tabarmar wa kat taka?"

Ya kalli ƙafafunsa. Ya zauna, ta buɗe faifai ta miƙa masa furar, wannan karon ba ta tsinke da jira ba.

Mun gode, Gado. Allah ya saka maka da ruwan Alkausara, ya saka wa Turai, wadda ita ma ta yi wa ƙauyukan nan aiki ba tare da sunanta ya shiga takardar albashi ba. Matasa masu shiga aikin gyara, ga abin koyi nan, kada ku bar gora ya kwana a bushe. Ku kuma masu tsara albashi da lokutan aiki, ku tuna akwai masu fita tun kafin a buɗe ofis, su dawo bayan an rufe. Ku biya su haƙƙin awanninsu, ku ƙara musu hannu, don wanda zai gaji Gado ya riƙa isa gida da sauran rana.

In kun bi ta unguwar bayan tasha da yamma, za ku ga wani dattijo ya fito daga gida ba tare da wani dalili ba, ya zaga ta bakin tsohon layin dogo, ya ɗan tsaya ya gaisa da masu shayi. Kada ku riƙe shi da hira. Turai na kan tabarma tana kallon ƙofa, idon ya ƙara yin ƙasa, yanzu inuwarsa kawai take iya rabewa da hasken zaure. Shi ya sa kullum yake fita, don ya samu ya shigo.