Sunan da Aka Tsallake

Ban taɓa faɗin sunan mijina da bakina ba. Haka aka rene mu. Tun muna tsohon garinmu, kafin ruwan Tiga ya cinye shi a kwaso mu zuwa ƙasar Bebeji, Malam nake ce masa, kuma Malam ɗin nake cewa har aka fita da gawarsa. Gonarsa tana ƙarƙashin ruwa. Kwalekwalen da ya koyi kamun kifi da shi ya ruɓe a bakin gaɓa. Abin da ya rage masa a duniya suna ne, shi ma babu mai amsa shi.

'Ya'yana mata ne, sai autan, namiji ɗaya. Jikokin da matan suka haifa dangin ubanninsu aka yi wa takwara, ban da ta cewa. Autan yana zaune a Kiru da matarsa, malamar makaranta ce 'yar Ƙafin Maiyaki. Yarinya mai ladabi, sai dai tana da tsari a kan komai, har sunayen 'ya'ya. Na fari Mubarak, na biyu Abdulmalik, na uku Taufik. Ni ban san baƙi ba, amma kunnena ya ji duk wuri ɗaya suke tsayawa, kamar an datse su da wuƙa. Ta ce da harafi ɗaya suke ƙarewa, haka take so. Sau uku ina zuwa suna, ina cin tuwo, ina komawa gida ban ce uffan ba. Abin da ba na iya faɗa, ta yaya zan roƙa?

Da aka aiko ta haifi na huɗu, namiji, na hau acaɓa washegari da safe. Na tarar ba a yi masa huɗuba ba tukuna, ana ta shawara. Mai jego tana kan gado da waya a hannu, autan yana tsaye bakin ƙofa.

Ta ce, "Inna, bari in karanto miki, ki taya mu zaɓe."

Na ce, "Karanto."

"Rafik, abokin tafiya. Shafik, mai tausayi. Tarik, tauraro mai fitowa da dare."

"Mai yawon dare ke nan. Wuce."

Ta yi dariya ta ci gaba. "Abdurrazak, bawan Mai azurtawa. Faruk, mai raba gaskiya da ƙarya."

A nan na ga yatsanta ya tsaya, leɓenta ya motsa, sai ta ture abin sama da sauri. Ni kuwa ido gare ni. Kuma duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san inda aka ce Faruk, akwai wani sunan da ke biye masa, wanda ake sakaya sunan babban sahabi da shi. Sunan sahabin nan shi ne na Malam.

Na ce, "Koma baya. Kin tsallake ɗaya."

Ta sunkuyar da kai. Da ƙyar ta ce, "Sadik. Mai gaskiya."

"Shi bai ƙare da harafin naki ba ne?"

"Ya ƙare, Inna."

"To me ya yi miki?"

Autan ya fara, "Inna, ai dama..." Na ce masa ba da shi nake ba.

Ta daɗe tana gyara zanin jaririn. Sannan ta ce, "Inna, idan aka sa masa sunan Baba, ko an sakaya, kowa ya san wane ne. Kin ga waɗannan ukun, sai na ɗaga murya suke ji. Shi ta yaya zan daka masa tsawa? In ce wa surukina bar nan, ko in ja masa kunne? Tun haihuwar fari nake tsallake shi."

Ban yi zaton wannan ba. Shekarun nan duk na ɗauka raini ne na 'yan boko. Ashe kunyar da ta rufe min baki ita ce ta riƙe mata yatsa. Jaririn yana ta tsotsar hannu.

Na ce, "Ki bar min wannan. Shekara da shekaru mutumin nan yana shigo min ɗaki da warin kifi a riga, ban taɓa samun damar ja masa kunne ba. Idan takwaran nasa ya yi laifi, a kawo min shi."

Autan ya juya fuska bango yana dariya, amma na ga ya goge ido da hannun riga. Ya karɓi yaron, ya kai bakinsa kunnen dama. Ban ji abin da ya faɗa ba, ban kuma tambaya ba.

Ranar bakwai aka yanka rago, maroƙi ya ɗaga murya daga ƙofar gida ya faɗi sunan cikakke. Ina cikin mata, na ja mayafi na rufe fuska.

Yanzu yaron ya fara gudu. Uwarsa Sadik take ce masa, a hankali, kamar tana neman izini. Ni Malam nake cewa. Ranar da ya zubar min da furar da na dama, na kamo kunnensa na riƙe. Ya kalle ni, na kalle shi. Na sake shi, na sake dama wata.